Kazar da Malam Ya Ƙi Yankawa

Ranar da muka sauka Ingila, abu na farko da suka raba ni da shi shi ne kilishin Babana. Wani ma'aikacin kwastan, dogo mai jan gashin baki, ya buɗe akwatina ya ɗago shi da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera. Na gaya masa da ɗan Turancin da na samo a sakandare cewa nama ne, ubana ya yi shi da hannunsa. Ya ce ya ji, amma doka ce. Ya jefa shi cikin wani kwando. Da ya zo kan daddawa kuwa, shinshinawa ɗaya ya yi, ya yamutsa fuska ya mayar mini da abata da sauri. Mijina ya yi ta dariya har muka fito. Ya ce, "Kin gani ko, Luba? Daddawa ta ƙwaci kanta."

Malam zan riƙa ce masa a wannan labari, domin har yau da ba ya duniya bakina bai iya kama sunansa ba.

Ni 'yar Talata Mafara ce, gidanmu gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Shi kuwa ɗan wani ƙauye ne a bakin gulbi, ƙasar Maradun, malamin gona. Lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori yana cikin samarin da ke bin ƙauyuka da igiyar awo, suna auna gonaki, suna yi wa dattawa bayanin cewa in ruwa ya taru za a riƙa noma rani da damina. Da zuciya ɗaya yake faɗi, domin ya yarda da abin. Ana cikin haka ya sami gurbin ƙaro ilmin noman rani na shekara biyu a wata kwalejin mishan a arewacin Ingila. Wata bakwai ke nan da aurenmu. Baba ya ce ba a barin ango ya tafi ƙasar sanyi shi kaɗai. Mahaifinsa ya ba shi buzun da yake salla a kai, Inna ta ba ni buta.

A jirgin ƙasan da ya kai mu garin na fara sanin inda na zo. Ina shiga na gaishe da mutanen da na tarar, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mini. Wata mata ta ɗago kai ta dube ni, ta mayar da idonta kan jarida. Sauran ko motsi. Na raɗa wa Malam na ce ko rasuwa aka yi musu. Ya ce a'a, haka suke. Awa biyar muna tafe, gonaki kore shar suna wucewa, tumaki masu kitse birjik, amma ban ga mutum ɗaya a bakin gona ba. A wata tasha wani mutum ya karɓi ƙaramar jakarmu da fara'a wai zai taimaka mana canza jirgi. Har yau yana taimakon. A cikinta zannuwana biyu suke, da turmin atamfar da na yi niyyar ɗinkawa da salla.

An sama mana ɗaki a saman benen wata tsohuwar Baturiya wadda mijinta ya rasu. Tsohuwa nake ce mata, ta ɗauka wani suna ne na girmamawa, kuma ba ta yi kuskure ba. Da ta ga ina rawar ɗari cikin mayafi, sai ta shige ɗakinta ta fito da wata katuwar kwat mai warin maganin asu, ta ɗora mini a kafaɗa, ta ɓalla mini maɓallai da kanta kamar ƙaramar yarinya. Ita na sa har na bar ƙasar. Gidan wankan yana can ƙasa a bayan gida, sanyinsa kamar cikin randa. A saman matakala kuwa, dab da ƙofarmu, akwai wata babbar tukunyar fure mai faɗin ganye. Tsohuwa ta ce mijinta ne ya shuka ta, shekara goma sha wani abu ke nan.

Sati uku muna salla muna fuskantar gabas sak, yadda muka saba a gida. Sai da wani ɗalibi ɗan Pakistan ya kawo mana ziyara ya ga inda buzu yake shimfiɗe, ya ce mu karkata sosai wajen kudu. Na shiga damuwa, na ce sai mun rama. Malam ya ce, "Wanda kika yi dominSa Ya san inda kika nufa." A lokacin haka yake magana. Shi yake ja mini salla, muryarsa a hankali don kada mu tashi Tsohuwa. Kullum da asuba nakan ɗora ruwa a wuta, in sirka, in cika masa buta in ajiye a bakin ƙofa.

Kwalejin tana kan wani tudu, ginin dutse ne baƙi, da majami'a a tsakiya. Ɗalibai daga ƙasashe iri-iri, wasu na karatun gona, wasu na aikin jinya, mafi yawa na karatun addininsu don su koma gida su zama fastoci. Ba wanda ya taɓa ce mana mu bar addininmu, wannan zan faɗa tsakanina da Allah. Har ɗaki suka ba Musulmi huɗun da ke wurin su riƙa salla.

Nama ya fi komai ba ni wahala. Aka kwatanta mana wani mai shago a babban gari, wai yana sayar da yankan Musulmi. Ranar Asabar muka shiga bas muka je. Ya yi mana sallama da Larabci, ya kira ni 'yar'uwa, ya fito da kaji daga firji da tsada ninki biyu. Na juya guda ɗaya na duba wuyanta. Ni da na tashi ina riƙe wa Baba ƙafar akuya tun ban kai in ɗauki tulu ba, ba a yi mini wannan. Wuƙa ba ta bi ta maƙogwaro ba, jini ya kwanta baƙi a jikin ƙashi. Na ajiye masa abarsa na ce da Malam mu tafi. A hanya Malam yana cewa, "Wa ya gaya masa ɗiyar Sarkin Fawa za a kawo masa?" Daga ranar muka koma kifin gwangwani da ƙwai.

A wajen wankin kaya na kwaleji na haɗu da Saratu. Ina fama da injin wanki ya ƙi tashi, na ce, "Kai, wannan abu da taurin kai yake!" Sai na ji daga bayana an ce, "Shure shi, 'yar'uwa, shuri yake ji." Na waiwaya na ga mace gajera, baƙa, mai wushirya. Ban san lokacin da na rungume ta ba. Mutuniyar ƙasar Zuru ce, Kirista, mijinta Bitrus mai wa'azi ne, jama'ar cocinsu suka haɗa hannu suka turo shi ya ƙaro karatu. Daga ranar ba ma rabuwa. Muka gano yadda ake tuƙa tuwo da garin shinkafar Turawa, ni in kawo kuka da daddawa, ita ta kawo barkono. In lokacin salla ya yi sai ta ce, "Tashi ki je, Hajiyar da ba ta je Makka ba, ni zan duba miki tukunya." Ni kuma ranar Lahadi in riƙe mata jaririnta.

Ita ta fara gaya mini labarin zaman Alhamis. Akwai wani malami a kwalejin, dattijo mai sanyin murya, da ke tara ɗalibai a falonsa bayan la'asar, a sha shayi a yi ta muhawara. Shi ma limamin coci ne a da. Yana koya musu wai littattafan addini duk mutane suka rubuta, kowane zamani da abin da ya ƙara, kuma wai mai hankali shi ne wanda ba ya tsoron tambaya. Bitrus ba ya fashi. Wata rana muna tsince shinkafa Saratu ta ce, "Luba, mutumin nan da in ya hau wa'azi har tsofaffi ke kuka, yanzu ko addu'ar cin abinci sai na zungure shi. Mun kawo miya a ƙara mata gishiri, sun zuba mata ruwa." Ta yi dariya, amma idonta ya cika. Ta ce ba shi kaɗai ba ne. Wani ɗan Uganda ya ajiye karatun ya koma aikin masaƙa, wani kuma ya ce zai koma gida ya ci gaba da wa'azi don albashi, ko da ba abin da ya rage a ƙirjinsa.

Na tausaya mata ƙwarai. Amma a raina na ce wannan matsalarsu ce, littafinsu ake tonawa, ina ruwan Malam. Har da Bitrus ya fara jansa zuwa zaman, ban hana ba. Na ɗauka Turanci zai ƙaro.

Sai wasiƙu suka fara zuwa daga gida. Ƙanen Malam ne ke rubutowa. Ta farko ta ce ruwa ya hau, ya cinye fadamarsu, ya cinye gidan, har maƙabartar da mahaifiyarsa take. An kwashe su an kai kan wani tudu mai tsakuwa inda ko gero sai da roƙo. Ta biyu ta zo da labarin abin da ya sami manoman da suka tsaya neman haƙƙinsu, abin da duk ɗan ƙasarmu ya sani, ba sai na maimaita ba. Cikin waɗanda aka harbe, ba su dawo gida ba, akwai mutum biyu da Malam da kansa ya auna gonakinsu, ya ci tuwon gidansu. Ta uku gajera ce. Tsoho, mahaifin Malam, ya rasu a sabon mazauni. Ƙanen ya rubuta cewa tun da aka tashe su bai sake cin abinci da daɗi ba, kullum sai ya tafi bakin ruwa ya zauna yana duban wajen da gonarsa take.

Malam bai yi kuka ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Bayan kwana biyu muna cin abinci ya ce, kamar mai magana da kwano, "Shekara saba'in goshinshi na ƙasa. Bai taɓa cin ƙwayar hatsin wani ba." Na ce Allah Ya jiƙansa, kowa da irin jarrabawarsa. Ya ce, "Ni na riƙe igiyar, Luba. Ni na ce mashi ya sa hannu." Na ce ƙaddara ce. Ya dube ni wani irin kallo, ba na fushi ba, irin kallon da babba ke yi wa yaro. 

Bayan wannan ya ce zai riƙa yin salla a kwaleji tare da 'yan'uwa, jam'i ya fi lada. Na yi murna. Na ci gaba da cika buta da ruwan ɗumi. Yakan ɗauka ya fita, bayan ɗan lokaci ya turo ƙofa ya ajiye ta ba ruwa, ya sa kwat ya tafi. A lokacin ne kuma na gane ina da ciki.

Wata safiya ina saukowa Tsohuwa ta tare ni a matakala. Tana tsaye gaban tukunyar furen nan. Ganyen ya yi rawaya, ya langaɓe, ƙasan ya jiƙe sharkaf yana wari. Ta kama hannuna ta ce, a hankali don in gane, ta san alheri nake nufi, amma don Allah in daina ba shi ruwa, sau ɗaya a mako ya ishe shi. Ta ce abin da ya fi ba ta mamaki, da safe in ta taɓa ƙasar sai ta ji ta da ɗumi.

Na sa yatsa na taɓa. Da ɗumi kuwa.

Na ce ta yi haƙuri, ni ce, ba zan ƙara ba. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Hannun rigarsa da ba ya jiƙewa. Gemunsa a bushe. Buzun tsoho da ke naɗe a kan kabad ya yi ƙura. Mutumin da ya tsallaka teku don ya koyi yadda ake ba shuka ruwa, ga shi ya kashe shuka da ruwan alwala.

Ban tambaye shi ba. Tsoron amsar nake yi. Na ce wa raina kasala ce, baƙin ciki ne, zai wuce. Wanda ya bar salla don kasala ai Musulmi ne mai laifi, ana yi masa addu'a, matarsa matarsa ce. Wancan ɗayan kuwa, wanda ko sunansa ban yarda in kira a zuciyata ba, na san hukuncinsa tun ina gaban malamin zaure, na san abin da yake yi wa igiyar aure. Na ci gaba da cika buta. Sai dai na ɗauke tukunyar furen na kai wa Tsohuwa ƙasa. Da ya fito washegari bai gan ta ba, ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa, ina jin numfashinsa. Sannan na ji ya sauka matakala.

Cikina ya shiga wata na biyar, kwaɗayin nama ya taso mini kamar ciwo. Ina mafarkin romo. In na wuce shagon Bature mai nama sai in riƙe numfashi don kada yawuna ya tsinke. Likita ta ce jinina ya yi ƙasa. Tsohuwa da ta ji dalilin da ba na ci, ta ce in dai mai rai nake so ai da sauƙi. Ta sa ni a tsohuwar motarta muka tafi gonar wani ɗan'uwanta. Ya kamo mana kaza ja, mai ƙiba, ya ƙi karɓar ko kwabo. Na rungumo ta cikin kwat har gida, ɗumin jikinta na ratsa ni, ina jin kamar na ɗauko Talata Mafara ɗungurungum.

Ranar Asabar ce, da hantsi. Na wasa wuƙa a bakin dakalin bayan gida yadda Baba ke yi, na gwada ta a farce. Na haƙa ɗan rami a gefen shingen Tsohuwa. Na ba kazar ruwa ta sha. Sannan na kira Malam. Ya sauko da littafi a hannu, da ya ga kazar har ya yi murmushi.

Na ce, "Malam, ga alƙibla nan, ta wajen bishiyar can. Bisimilla."

Ya ajiye littafin ya karɓi wuƙar. Ya taka fukafukan da ƙafa ɗaya, ƙafafun da ɗaya, ya kama kan ya ja fatar wuyan. Duk daidai. Ina tsugune ina jiran in ji ya ambaci sunan Allah. Shiru. Kazar na ƙifta ido. Shiru.

Sai ya ɗage ƙafarsa. Ya miƙe, ya juya wuƙar ya miƙo mini ta wajen ƙota.

"Luba, in na yanka, mushe za ki ci."

Na ce, "Wace irin magana ce wannan? Ka faɗi bisimilla kawai ka ja."

"Bakina zai iya faɗi. Na yi wata huɗu ina yi miki ƙarya da buta, kuma na san kin sani. Amma ba ni ba ki mushe da cikin ɗana a jikinki. Wannan ban iyawa."

Na zauna a kan ciyawa mai raɓa. Na ce, "Addininsu ka shiga?"

Ya girgiza kai. "Da nasu na shiga ai da na san inda nike tsaye. Ba ni ko'ina. Na duba, na duba, ban ga kowa ba. Ba da gangan na yi ba, wallahi..." Sai ya tsaya, ya ji abin da ya rantse da shi, ya yi wata 'yar dariya wadda ta fi kuka ciwo.

Na roƙe shi. Na kawo masa duk abin da na sani, ayoyi da labaran annabawan da aka jarraba. Ya saurara har na gama, bai yi mini gardama ko ɗaya ba. Da ma ya yi, da na sami abin kamawa. Ya ce kawai in yafe masa, ya ɗauki littafinsa ya hau sama.

Kazar tana nan kwance inda ya bar ta, ƙafafunta a ɗaure. A gidanmu mace ba ta yanka, ko da yake na ji malamai na cewa ya halatta. Sau dubu na gani, ban taɓa yi ba. Na share hawaye da hannun kwat don in ga wuyan sosai, na fuskanci bishiyar, na ambaci sunan Allah da ƙarfi yadda za a ji daga sama, na ja. Na fige, na dafa, na ci don abin da ke cikina. Ban san ɗanɗanonta ba.

Da yamma na tafi wurin Saratu. Ina shiga ta dube ni ta ce, "Naki ma?" Na ɗaga kai. Muka zauna a ƙasan ɗakinta muka yi kuka mai isarmu. Can ta ce, "Ni dole in zauna da nawa, mu ba mu da saki. Ke fa?" Na ce ni nawa ya riga ya warware da kansa, ko an furta ko ba a furta ba. Ta ce, "To ki yi addu'a irin taku, in yi irin tamu. Mu ga wadda za ta riga isa."

Daga ranar na shimfiɗa bargo a ƙasa, shi yana gado. Bai ce don me ba, ya san dalili. Sati shida na ba shi, ina cika buta ina ajiyewa, tana wuni a cike har ruwan ya huce. Ya daina zubarwa, ya daina ɗauka. Da na ce zan koma gida in haihu, shi ya je ya yanko tikiti, ya raka ni har filin jirgi, ya ɗaure mini igiyar takalmi da na kasa sunkuyawa. Tsohuwa ta ce in tafi da kwat ɗin. Na ce ƙasarmu ba a sanyi irin wannan. Buta na ɗauko, buzu na bar masa a kan kabad.

Baba kaɗai na gaya wa, a zaure, bayan ya dawo daga kasuwa. Ya daɗe yana goge wuƙa da tsumma. Sannan ya ce, "Wa kika faɗa ma bayan ni?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To ki bar shi nan. Mutumin da ya ƙi ba ɗiyata mushe, ba ni tona mashi asiri."

Na haifi mace. Malam ya nemi izinin kwaleji ya zo ana gobe suna, ya rame, ya yi fari. Da safe maza suka taru a ƙofar gida, ni ina leƙe ta tagar ɗakin Inna da jaririya a hannu. Aka raɗa suna, aka jawo rago aka kayar. Baba, wanda shi ke yanka ragon sunan duk unguwar, ya zaro wuƙarsa, wadda ko yayyena ba ya bari su taɓa. Maimakon ya sunkuya sai ya juya ya miƙa wa Malam.

"Uban ɗiya, zo ka yanka ma ɗiyarka."

Mutane suka yi ta barkwanci, wai yau za a ga ko Turawa sun koya masa riƙon wuƙa. Malam ya karɓa. Ya tsuguna, ya dafa wuyan ragon. Na ƙanƙame yarinyar har ta yi ƙara. Ina cewa a zuci, ya Allah, kalma biyu ce, Ka saukar masa da ita. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Sannan ya miƙe ya mayar wa Baba wuƙar da hannu biyu, ya ce hannunsa na rawa, gajiyar hanya ce. Aka yi dariya, wani ya ce biro ya lalata shi. Baba ya sunkuya ya yanka. Mutum uku ne kawai a wurin suka san abin da ya faru.

Ban koma ɗakinsa ba. Ya rubuto takardar saki don mutane su sami abin faɗi, suka kuwa faɗa. Wai boko ya sa ni girman kai, wai na ga Ingila na raina ɗan ƙauye. Na haɗiye. Bayan shekara uku na yi wani aure a Bakura, gidan mutumin kirki, na haifi 'ya'ya shida. Malam ya gama karatunsa ya dawo, ya yi 'yan shekaru a aikin ruwa ya ajiye, ya koma Maradun yana ɗan nomansa. Bai sake aure ba. Bai taɓa gazawa da ɗiyarsa ba, takan je masa hutu. Ban taɓa tambayarta ko yana salla ba, don kada in sa mata abin da zai hana ta barci. Saratu mun yi shekara biyu muna musayar wasiƙa, daga baya shiru.

Shekara talatin da wani abu ina roƙa masa shiriya a kowace sujada. Ranar da aka aiko ya rasu, baƙin cikin mutuwar daban, wani kuma daban: ban san ko ya halatta in ce Allah Ya jiƙansa ba. Baba ya riga ya tafi, ba wanda zan tambaya ba tare da na tona abin da muka rufe ba.

Na raka ɗiyata zaman makoki. Muna zaune a tsakar gida cikin mata, ana ta karɓar gaisuwa. Wata maƙwabciyarsa, tsohuwa mai yawan magana, ta zauna kusa da ni, ba ta ma san ko ni wace ce ba. Tana ta lissafa alherinsa. Can ta ce, "Ni yanzu wa zai riƙa yanka muna kaji? In maza sunka tahi gona, shi muka kai mawa. Duk unguwag ga."

Na ce, "Shi da kansa yake yankawa?"

"Da hannunai. Kuma ba ya gaggawa. Sai ya ba ta ruwa, ya daidaita ta gabas, ya yi bisimilla da ƙarhi kamar mai kiran wani daga nesa."

Na ce tun yaushe.

Ta ɗan yi tunani. "Dauri dai ba ya yi, ko ka kai sai ya ce hannunai na rawa. Shekara huɗu ke nan ko biyar. Lahiya, baiwar Allah?"

Na ce lafiya lau. Na tambayi ɗiyata inda buta take. Na zagaya bayan ɗaki na yi alwala, ruwan da sanyi, na daɗe ina wanke fuska. Shekara huɗu ko biyar, Bakura da Maradun ba nisa, bai aiko ya gaya mini ba. Wataƙila ya ga ba shi da hurumi a gidan wani. Wataƙila shi ma bai gama tabbatarwa ba. Abin da ke ƙirjinsa Mahaliccinsa ne Ya sani. Ni dai abin da na sani shi ne mutumin nan ya rasa matarsa da ɗakinsa a kan kaza guda, don ya ƙi faɗin abin da babu shi a zuciyarsa. Ba zai faɗe shi a kan kajin maƙwabta don a yabe shi ba.

Na shimfiɗa ɗankwalina na yi raka'a biyu. Sannan na ɗaga hannu na ce Allah Ya jiƙan Malam.